TSAKANIN ƘWARYAR NONO DA KWALBAR MAGANI



Da takardar gayyata ta iso mana, mun zaci batun makarantun firamare za a ɗora mana, domin nan ce gonar da muka nome tun muna samari. Sai muka nemi alfarmar kwamiti ya bar mu mu yi magana a kan wani abu daban da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Mu ba likitoci ba ne. Malaman makaranta ne da suka shekara talatin da biyar suna shaƙar ƙurar alli a gaban allo. To amma shi allin nan da sinadarin kalsiyam ake yin sa, kuma a kan kalsiyam ɗin za mu yi magana, don haka wataƙila za ku yarda cewa akwai tsohuwar sanayya tsakaninmu da shi.

Abubuwa biyu ne suka tunzura mu. Na farko, wani amininmu da muka yi kwalejin horon malamai tare a zamanin da aka fara shirin ba da ilimi kyauta na UPE a 1976. 'Ya'yansa sun kai shi wani babban asibiti aka ɗauki hoton zuciyarsa, likita ya ce an ga kalsiyam ya taru a jijiyoyin da ke ciyar da ita. Bawan Allah ya dawo gida ya haramta wa kansa fura da nono, abin da ya tashi da shi tun yana goye. Muka je gaishe shi muka tarar da shi gaban ƙunshin balangu mai maiƙo, an barbaɗe shi da yaji da gishiri, ga kwalin taba a aljihun gaba. Na biyu kuwa wata gyatuma ce a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu, mai fama da ciwon gwiwa. 'Ya'yanta uku suna birane uku, kowanne ya aiko mata da kwalbar ƙwayoyin ƙarin ƙarfin ƙashi ba tare da ya san ɗan'uwansa ya aiko ba. Ita kuma don kada ta ɓata wa kowa rai, kullum sai ta haɗiyi ɗaya daga kowace kwalba, ta bi da maganin gyambon ciki da take saye a kemis, wanda shi ma kalsiyam ne a cikinsa. Ga mai gudun kalsiyam bai san abin da yake gudu ba, ga mai ɗura shi ba ta san abin da take ɗurawa ba. Dukkansu namu ne, kuma da hannunku a ciki, ku mazauna birni, domin daga wurinku labari da magani suke zuwa gida.

Bari mu fara da tushen kuskuren. Kowa ya san yadda cikin butar shayi ko tukunyar dafa ruwa kan yi farin ɓawo idan an daɗe ana tafasa ruwan wasu rijiyoyi a ciki. Ɓawon nan kalsiyam ne. Daga nan mutane suka ɗauka cewa jijiyar jini ma tamkar bututun famfo take, wato abin da ka sha shi ne zai bi ta ciki ya daskare. Kwatancen yana da daɗin ji, sai dai bai yi daidai da yadda aka halicci jiki ba. Jijiya nama ce mai rai, kuma jini ba ya karɓar duk abin da ciki ya miƙo masa.

A jikin baligi akwai kalsiyam da ya kai nauyin kilo guda ko ɗan fiye, kuma kashi 99 cikin 100 nasa yana cikin ƙasusuwa da haƙora. Ɗan ragowar da ke yawo cikin jini shi ke sa tsoka ta motsa, zuciya ta buga, jini ya daskare idan an yi rauni. Saboda muhimmancinsa, jiki ba ya barin ma'auninsa ya yi sama ko ƙasa yadda ya ga dama. Akwai wasu 'yan ƙululai huɗu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ko wake ba, a bayan wurin da maƙoƙo kan fito a wuya. Su ne masu gadin ma'aunin, tare da ƙoda da bitamin D wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. In abinci ya kawo da yawa, hanji ya rage tsotsa, ƙoda ta zubar da saura. In abinci ya gaza, sai a buɗe rumbu, kuma rumbun shi ne ƙashi. Mu manoma mun san abin da ke faruwa da rumbun da ake ɗiba kullum ba a zubawa. Saboda haka amininmu da ya bar nono bai rage ko ƙwayar zarra daga kalsiyam ɗin da ke cikin jininsa ba. Ƙashinsa kawai ya sa a gaba. Likitoci ma sun daɗe da lura cewa a tsakanin tsofaffi, sau da yawa mai zaizayar ƙashi shi ne kuma mai taurin jijiya.

To ta yaya kalsiyam ke shiga bangon jijiya? Sai an fara yi wa bangon rauni. Hawan jini yana dukan sa dare da rana, hayaƙin taba yana ƙona shi, sukarin da ya yi yawa a jini yana cin sa. Ta wurin raunin nan mugun kitsen da ke yawo a jini yake kutsawa ya kwanta a cikin bango. Jiki ya turo dakarunsa su cinye kitsen, wurin ya kumbura, wasu ƙwayoyin halitta su mutu a nan. Ana cikin haka shekara da shekaru, sai wasu ƙwayoyin tsokar bangon su sauya hali su koma aiki irin na masu gina ƙashi, su riƙa jera kalsiyam da fosfet, irin ma'adinin da ke cikin ƙashi sak. Abin da hoto ke nunawa ke nan. Toka ce da ke shaida an yi gobara, kuma mai hankali in ya ga toka wutar yake nema. Hasali ma kitsen da bai taurare ba shi ya fi saurin fashewa, jini ya daskare a kansa ya toshe hanya, mutum ya faɗi da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Har an gano cewa magungunan rage kitsen jini da ake kira sitatin sukan ƙara wa tabon tauri alhali suna rage haɗarin mutuwa.

A 1990 wani likitan zuciya a Amurka, Arthur Agatston, shi da abokan aikinsa suka fito da hanyar auna yawan wannan toka da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, a ba mutum maki. Mai sifili yana cikin sauƙi, wanda ya haura 400 kuwa haɗarinsa babba ne. Makin yana faɗa wa likita shekarun da jijiya ta yi tana shan wahala, domin ya san irin tsananin da zai yi wajen magance hawan jini da kitse da sukari. Ba ya faɗin ƙwarya nawa ta nono mutum ya sha.

Kada kuma a ce cutar zamani ce. A 2013 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da aka yi a kan busassun gawarwaki 137 na mutanen dā, daga Masar da Peru da wasu sassa biyu na Amurka ta Arewa. An sami alamar wannan tauri a jijiyoyin kimanin ɗaya bisa ukunsu. Cikinsu har da wata gimbiyar Masar da ta rayu shekaru 3,500 da suka wuce. Ba ta taɓa ganin kemis ba, balle ta haɗiyi ƙwaya. Tsufa kansa yana kawo nasa rabon, mu kuma da halayenmu muke gaggauta shi.

Akwai wani nau'i na biyu da ya kamata masu ciwon sukari da masu ciwon ƙoda su sani. Wannan a tsakiyar bangon jijiya yake kwanciya, ya mai da ita kamar busasshen kara, kuma wani likita Bajamushe mai suna Mönckeberg ya bayyana shi tun 1903. Idan ƙoda ta gaza, ba ta iya zubar da fosfet, sai ya taru ya haɗu da kalsiyam su zauna inda ba a gayyace su ba. Shi ya sa taurin jijiya ya yi yawa a tsakanin masu zuwa wankin ƙoda. Duk wanda ke da majinyaci irin wannan, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano, ya san cewa likitocin ƙoda sukan ƙayyade masa abin da zai ci da abin da zai sha. Wannan rukuni dokarsa daban ce, kuma duk abin da za mu faɗa game da nono a nan gaba bai shafe su ba sai da izinin likitansu. Ƙwayar kalsiyam kuwa kada a kuskura a aika musu a matsayin tsaraba.

Yanzu sai mu zo kan kwalbar gyatuma, inda masana kansu suka yi sa-in-sa. A 2010 wasu likitoci na Jami'ar Okland da ke Niyu Zilan, Mark Bolland da Ian Reid da abokansu, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutum kusan 12,000, suka ba da rahoto cewa masu shan ƙwayar kalsiyam sun fi waɗanda ba su sha kamuwa da bugun zuciya da kimanin kashi 30 cikin 100. Duniya ta ɗauka. Wasu masana suka mayar da martani cewa gwaje-gwajen nan tun asali don ƙashi aka shirya su, ba a tsara su don ƙidaya ciwon zuciya ba. A 2016 sai ga wani bincike daga Amurka da ya bi mutum sama da 2,700 har shekara goma yana ɗaukar hoton jijiyoyinsu. Waɗanda suka fi kowa samun kalsiyam, musamman ta hanyar abinci, su ne suka fi tsira daga taurin jijiya, da rangwamen kashi 27 cikin 100. Masu shan ƙwaya kuwa haɗarinsu ya ƙaru da kashi 22. A cikin wannan shekara dai wasu manyan ƙungiyoyin likitocin ƙashi da na zuciya a Amurka suka fitar da matsaya cewa muddin ba a ƙetare iyaka ba, kalsiyam na abinci ko na ƙwaya ba ya cutar da zuciya.

Mai sauraro zai ce, to Malam, wa za mu bi? Mu dai abin da muka tsinta shi ne inda ɓangarorin biyu suka haɗu. Babu ko ɗaya cikinsu da ya tuhumi abinci. Rigimar duka a kan ƙwaya take, kuma dalilin da masu zarginta ke bayarwa yana shiga hankali: abinci kaɗan-kaɗan yake sakin kalsiyam, babbar ƙwaya kuwa lokaci guda take antaya shi, ma'aunin jini ya ɗaga na wasu sa'o'i. Sun kuma haɗu a kan iyaka. Ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka suka tsayar shi ne miligiram 1,000 a rana ga baligi, 1,200 ga macen da ta wuce shekara 50 da namijin da ya wuce 70, kuma wanda ya haura 50 kada ya zarce 2,000 in an haɗa na abinci da na magani. Kofi ɗaya na madara yana ɗauke da kusan 300. Da muka karanta jikin kwalaben gyatumar nan, kowace ƙwaya 600 ce. Uku sun ba da 1,800, ba a sa maganin gyambon ciki ba, ba a sa tuwo da miya ba. Ko an ajiye batun zuciya gefe, akwai tsakuwar ƙoda: wani babban gwaji da aka yi a kan mata sama da 36,000 a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2006, ya nuna ƙaruwarta da kashi 17 cikin 100 ga masu shan ƙwayar. Abin takaicin ma shi ne ciwon gwiwar tsufa yawanci daga zaizayar guringuntsi yake, kuma kalsiyam ba ya gyara guringuntsi.

Jama'a, duk waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da madara da cuku suka yi wa yawa suka fito. In muka dawo Batsari da Safana, matsalarmu ta gaskiya ita ce rashi. A 1999 Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa a Jos suka buga binciken da suka yi a kan yara 123 masu lanƙwasar ƙafa, irin wadda muke kira gwame ko ƙafar baka. A Turai rashin hasken rana ke kawo wannan cuta. Mu kuwa rana ba ta taɓa yi mana rowa ba. Sai aka tarar yaran nan kalsiyam ɗin da suke samu a abinci kimanin miligiram 200 ne kacal a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Abincin yaran nan bai bambanta da na yaranmu ba. Gero da dawa da masara duk kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, kuma dusarsu tana da wani sinadari da ke riƙe ɗan abin da ke akwai ya hana hanji tsotsa. Rogon Batsari da muke alfahari da shi, wanda sunansa ya kai ko'ina a jihar nan, yana cika ciki yana ba da ƙarfin aiki, amma giram 100 nasa miligiram 16 kacal yake bayarwa. Mai son cika ma'aunin yini da rogo sai ya tashi da kilo shida, kuma ba ma jin akwai gwanin da zai iya, ko a cikin matasan da ke zaune can baya.

Abin da ya riƙe iyayenmu shi ne ƙwaryar nono. Muna yara, kafin hantsi ya dubi ludayi matan Fulani sun shigo gari daga rugage, daga bakin dajin Rugu har Ruma da Wagini da Runka da Zakka, kuma talaka ma yana iya dama fura da nono mai kauri. Ba sai mun faɗa muku abin da ya sami wannan ƙasa tamu a shekarun da suka biyo bayan 2010 ba. An kore shanu, rugage sun watse, ƙauyuka sun tashi, iyalai sun tare a cikin gari wurin 'yan'uwa. Muna ƙidaya asarar da rayuka da dukiya, kuma haka ya kamata. Amma akwai wata asarar da ba ta da ƙara: yaron da aka yaye a kan koko da garin kwaki, wanda ƙashinsa ke ginuwa a shekarun da nono ya yi tsada ko ya ɓace. Yawancin ƙashin da mutum zai tsufa da shi kafin ya cika shekara ashirin yake tara shi. Mun ga irin waɗannan yara a layin taron safe kafin mu ajiye aiki, kuma muna ganin su yanzu a bakin kasuwa. Ku yi tunanin yadda za mu ji in saƙon da ke zuwa daga birni ta WhatsApp shi ne wai nono yana toshe jijiya.

Haka batun mata masu juna biyu. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba su ƙwayar kalsiyam, giram ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, a wuraren da abinci ba ya wadatar da shi, domin yana rage haɗarin hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mai jijjiga a mota cikin dare ya nufi Katsina ko Dutsin-ma da ita ya san abin da muke nufi. Ga inda ƙwaya take da amfani ƙwarai, in ma'aikatan awo suka bayar. Kada tsoron da ya dace da tsoho mai ciwon ƙoda ya sa a hana yarinya mai ciki maganinta.

Bari mu ɗan ratse kan kanwa, da neman afuwar iyayenmu mata. Mun sha jin ana cewa kunun kanwa yana ƙara wa mai jego ƙarfin ƙashi, wataƙila don kanwa fara ce kamar alli. Abin da ya fi yawa a cikin kanwa sodiyam ne, ɗan'uwan gishiri. Tun a shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Zariya da shan kunun kanwa da yawa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon wuta. Gishiri, ko na kanwa ne ko na ɗanɗano da muke jefa wa miya uku-uku, yana ɗaga hawan jini, sannan yana sa ƙoda ta zubar da kalsiyam cikin fitsari. Ɓarna biyu ke nan a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi da taliyar leda.

Ba mu rasa madogara ba ko da nono ya yi wuya. Busasshen garin kuka yana da kalsiyam fiye da miligiram 1,000 a giram 100, ko da yake cokali biyu ko uku ake kaɗawa a tukunyar gida guda, don haka a riƙa cika hannu. Zogale yana da shi, haka rama da kuɓewa da riɗin da ba a cire wa ɓawo ba, da wake, da ƙananan busassun kifi in an daka su da ƙayarsu an zuba a miya. Kukar da ke tsaye a bayan gari ba ta neman taki ko ban-ruwa. Mun lura wasu 'ya'yanmu na birni suna jin kunyar a ce miyar kuka aka yi a gidansu, sai ka ga an ɓoye tukunya in baƙo ya yi sallama, alhali a kan tebur ga kwalbar ƙwaya da aka saya da kuɗin da zai ciyar da gida kwana uku. Masu tallar wani magani kuma da ke cewa yana wanke jijiya ya narkar da abin da ya daskare, ku riƙe kuɗinku. Ko bitamin K2 da aka fi yi wa kirari, da aka gwada shi a ƙasar Denmak a kan tsofaffin maza 365 masu taurin ƙofar zuciya, sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna ya rage saurin taurin ba.

Roƙonmu gare ku, 'yan'uwa, mai sauƙi ne. Kafin ɗayanku ya aika wa mahaifiya ko mahaifi magani, ya kira sauran 'yan'uwansa ya ji abin da suka aika. In kun zo gida, ku ce a fito muku da duk kwalaben da ke ƙarƙashin gado, ku kai su wurin ma'aikacin lafiya ya duba. In likita ya rubuta kalsiyam saboda karayar ƙugu ko zaizayar ƙashi, a sha yadda ya ce, kuma a sani cewa hanji ba ya iya tsotsar fiye da miligiram 500 da kyau a zama ɗaya, don haka rarrabawa ake yi, a sha tare da abinci. Kimanin mutum uku cikin kowane goma na manyan Najeriya suna da hawan jini, da yawansu ba su sani ba, kuma shi ne babban mai raunata jijiyar da muke ta magana a kanta. Na'urar awonsa ta hannu ba ta kai kuɗin shadda ɗaya ta Sallah ba, kuma ɗan sakandare zai iya koyon aiki da ita cikin rabin sa'a.

Saboda haka muna gabatar wa kwamitin lafiya na wannan ƙungiya shawarwari biyu, a duba su kafin a tashi taro. A sayi na'urar awon jini da ta sukari a ajiye a kowace gunduma ta ƙananan hukumomin nan biyu, a hannun wanda jama'a suka amince da shi, a riƙa awo ranar kasuwa. Sannan cikin kuɗin tallafin da ake warewa don iyalan da suka baro ƙauyukansu, a cire wani kaso a sayi akuyoyi masu shayarwa a ba matan da ke da ƙananan yara, domin akuya tana rayuwa a cikin gari a kan dusa da harawa, kuma nononta bai gaza na saniya kalsiyam ba. Amininmu dai mun samu ya koma shan furarsa, ya kuma fara shan maganin hawan jini. Taba ce har yanzu muke fama da shi a kanta.